Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Kaset ɗin "Terminator" Daga Amurka Zuwa Gafasa

Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 2024 aka sake fitar da wani tsohon fim na ƙasar Amurka mai suna The Terminator a kan faifan kallon gida, don murnar cikarsa shekara 40 da fitowa. An wanke hotonsa, an gyara sautinsa, an sa shi cikin sabon kwali, jama'a kuma suka sake zura hannu a aljihu suka saya. Kafin wannan an sha fitar da shi, da fari a kaset, sannan a faifai iri-iri, kowane zamani da mazubin da ya zo da shi.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mujallar marubuta da fim ɗin harbe-harbe na Turawa? Dalili biyu ne. Na farko, wannan fim ya iso har garinmu Gafasa, cikin ƙasar Ajingi ta gabashin Kano, kuma hanyar da ya biyo ita ce hanyar da fim ɗin Hausa ya bi daga baya. Na biyu, cikin tarihinsa akwai darasi game da haƙƙin marubuci da kuma adana aiki. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to amma sai wanda ya ajiye zumar ne zai same ta ranar da ciwo ya tashi.

Asalin Fim ɗin

Wanda ya ba da umarnin fim ɗin shi ne James Cameron, ɗan ƙasar Kanada, wanda a lokacin ba a san shi ba. Shi da bakinsa ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi a birnin Rum, ya yi mafarkin wani ƙwarangwal na ƙarfe yana fitowa daga cikin wuta, daga nan ya ɗauko zaren labarin. Don kwaɗayin a bar shi ya ba da umarni da kansa, sai ya sayar wa mai shirya fim Gale Anne Hurd haƙƙin labarin a kan dala 1 tak. Aka kashe kimanin dala miliyan 6.4 wajen shiryawa, fim ya fito a watan Oktoba na 1984, ya kuma tara kusan dala miliyan 78 a gidajen silima na duniya.

Labarin kuwa ga shi a taƙaice. A shekarar 2029 na'urori sun yi wa 'yan Adam tawaye ƙarƙashin wata kwamfuta mai suna Skynet, amma wani jarumi, John Connor, ya haɗa kan mutane har sun kusa cin yaƙi. Sai kwamfutar ta aiko wani mutum-mutumi na ƙarfe, an lulluɓe shi da fata da tsoka kamar ɗan Adam, ya dawo baya zuwa 1984 don ya kashe Sarah Connor tun kafin ta haifi yaron. Su ma mutane suka aiko soja guda, Kyle Reese, ya kare ta. Arnold Schwarzenegger ne ya fito a mutum-mutumin, Linda Hamilton kuma ta fito a Sarah.

A 1991 aka yi kashi na biyu, wanda ya ci kimanin dala miliyan 100, ya tara fiye da miliyan 500. A cikinsa Arnold ya sauya layi, ya zama mai kare yaron maimakon mai farautar uwarsa. Wannan sauyi ya haddasa gardama a Gafasa, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Kafin Zuwan Kaset

Mutumin ƙauye a ƙasar Kano bai fara ganin hoto mai motsi a silima ba, a majigi ya fara gani. Tun zamanin Turawa motar gwamnati kan zo da rana, a kafa farin kyalle a ƙofar gidan dagaci ko filin makaranta, bayan sallar isha'i a nuna yadda ake noman auduga da gyaɗa ko tsaftar gida. Dattawanmu har yau suna tuna Baban Larai. Majigi kyauta ne, amma ba kai ke zaɓen abin da za ka gani ba, kuma in motar ta tafi sai Allah Ya sake kawo ta.

Silima kuwa abin birni ce. An buɗe Rex a Kano a 1937, daga baya aka sami irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba, inda ake nuna fina-finan Indiya da na kaboyi da na Chana. Sai dai silima ba ta yi suna mai kyau a wurin iyaye ba, balle bayan gobarar El-Duniya ta ranar 13 ga Mayu, 1951, wadda ta ci rayuka 331. Saurayin da ya taso daga Gaya ko Ajingi ya je birni ya shiga silima, in ya dawo ɓoyewa yake yi, sai dai ya ba abokai labari a dandali cikin raɗa. Mata kuwa, musamman matan aure, ba a ma maganarsu.

Abin da ya karya wannan shinge shi ne akwatin bidiyo. Kamfanin Sony na Japan ya fito da Betamax a 1975, kamfanin JVC ya biyo da VHS a 1976, kuma VHS ɗin ne ya ci kasuwa. Lokacin ya zo daidai da kuɗin man fetur a Nijeriya, ma'aikata da 'yan kasuwa da alhazai suka riƙa shigo da talabijin da bidiyo. Fim ya tashi daga hannun mai silima ya koma abin da za a sa a aljihun babbar riga a hau mota da shi.

Daga Ƙofar Wambai Zuwa Gafasa

Kaset ɗin da ya iso mana bai fito daga kamfanin Amurka kai tsaye ba. Manyan dillalai na Kano kan samo kwafi guda mai kyau, sau da yawa ta hanyar Dubai ko Bairut, shi ya sa za ka ga rubutun Larabci yana gudu a ƙasan hoton. Wannan kwafi shi ake kira masta, wato uwar kaset. Sai a jera akwatunan bidiyo a ɗaki, a haɗa su da waya, uwar tana juyawa 'ya'ya suna kwafa dare da rana. Daga kasuwar Ƙofar Wambai da shagunan Bata ƙananan 'yan kasuwa ke sara, su bi da shi ta Wudil, su haye gada zuwa Gaya, daga nan ya ɓulla ƙauyukan Ajingi.

Kaset yana da wata ɗabi'a da ya kamata a lura da ita: duk kwafin da aka yi daga kwafi sai ya rage kyau. In mai shago a Gaya ya kwafa daga na Kano, wani kuma ya kwafa daga nasa, to jikan kaset ne ko tattaɓa-kunne ke isowa ƙauye. Launi ya koɗe, fuska ta yi dishi-dishi, sauti ya shaƙe. Ga ƙurar hunturu da zafin bazara suna cin zaren. The Terminator kuwa yawancinsa da dare aka ɗauka, saboda haka akwai wuraren da ba ma ganin komai sai jan idon mutum-mutumin yana yawo cikin duhu. Mu a lokacin mun ɗauka haka aka yi shi, har muna ganin duhun nan yana ƙara masa ban tsoro.

Ina yaro a farkon shekarun 1990 na gan shi a wani gidan kallo na zana, da talabijin ɗaya bisa tebur da ƙaramin janareta yana kuka a baya. Mukan biya 'yan sulalla mu zauna a tabarma, manya a benci. Ba mu san sunan Schwarzenegger ba, kuma ko mun sani harshe ba zai iya ba. Kwamando muke ce masa, saboda fim ɗinsa na 1985 mai wannan suna, wanda ya riga shiga gari. A ƙa'idar kallonmu kowane fim yana da ekta yana da bos, kuma ekta ba ya mutuwa. To, kashi na biyu ne ya fara zuwa mana, muka ga Kwamando yana kare yaro, muka sa shi a layin ekta. Da kashi na ɗaya ya zo daga baya muka gan shi yana bin mace da bindiga, sai wuri ya kaure. Wasu suka ce ai wannan ne ci gaban, na'urarsa ce ta lalace. Wasu suka ce ƙaninsa ne. An kwana biyu ana wannan musu a bakin kasuwa.

Wanda ya raba gardamar wani ɗan sakandare ne da ke zama kusa da talabijin yana fassara mana. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, amma Allah Ya ba shi hikimar ba da labari. Da aka tambaye shi dalilin da ƙarfe zai nemi matar da ba ta yi masa komai ba, sai ya ce: "Ku tuna Fir'auna mana. An gaya masa za a haifi yaron da zai rushe mulkinsa, sai ya hau kashe jarirai. Wannan shi ya fi Fir'auna gaggawa, uwar yake nema tun ba ta yi ciki ba." Nan take kowa ya gane. In an zo wurin da bai dace yara su gani ba, mai gidan kallo kan danna maɓalli hoto ya ruga da gudu, mai fassara ya cike gurbin da abin da ya ga dama. Ashe ba mu sani ba, fim ɗin da muke kallo a Gafasa wani bugu ne na daban, wanda Cameron bai taɓa gani ba.

Wannan sana'a ta ɗan sakandare ba ta mutu ba. Bayan kaset ya ba faifan CD wuri, faifai kuma ya ba katin waya wuri, sai ga ɗakunan fassara irin su Algaita a Kano sun mayar da ita sana'a sosai, suna ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya da na wasu ƙasashe, da barkwanci da karin magana irin namu. Yau yaro a Gafasa zai miƙa wayarsa ga mai tura fina-finai a cika masa ita, ya kalla shi kaɗai. Akwatin bidiyo kuwa, kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera shi, ya daina a 2016.

Abin da Kowace Fitowa Ta Zo da Shi

Mu koma can inda fim ɗin ya fito, mu ga abin da sake fitarwa ta yi masa. Abu na farko ya shafe mu kai tsaye. Akwai wani marubucin Amurka, Harlan Ellison, wanda ya rasu a 2018. Da ya ga fim ɗin sai ya ce mafarin labarin ya yi kama da wani wasan talabijin da ya rubuta a 1964 mai suna Soldier, inda sojan wani zamani mai zuwa ya faɗo cikin zamaninmu. Ya nemi haƙƙinsa, kamfanin ya zaɓi sulhu, aka biya shi, aka kuma ƙara layi a ƙarshen fim ɗin ana yaba wa ayyukansa. Cameron bai yarda da wannan sulhu ba, ya kuma faɗi haka a fili. Waɗanda suka kalli fim ɗin a silima makon da ya fito ba su ga sunan Ellison ba, masu kallon bugun baya ne suka gani. Abin lura a nan shi ne, Ellison ya sami abin kafa hujja ne domin aikinsa na shekara 20 baya yana nan a ajiye, da sunansa da shekararsa.

Abu na biyu, a 1993 aka fitar da kashi na biyu don kallon gida da ƙarin fiye da minti 15 da aka yanke a silima. Ciki har da wurin da Sarah da ɗanta suka buɗe kan mutum-mutumin suka taɓa ƙwaƙwalwarsa don ya iya koyon sabon abu, wurin da ya bayyana dalilin da ya sa ɗabi'arsa ta riƙa sauyawa. Da an zubar da abin da aka yanke a kwandon shara, da babu wanda zai san da shi.

Abu na uku gargaɗi ne. Da aka sake fitar da kashi na ɗaya a faifan DVD a 2001, an sabunta sautinsa, har ƙarar bindigogi ta sauya. Masoyan fim ɗin suka yi ca, suka ce a ba su abin da kunnensu ya sani. Haka kuma da aka wanke kashi na biyu a 2017, wasu suka koka cewa an goge hoton har fuskokin mutane sun zama kamar na roba. Wato gyara ma yana da iyaka, in ya wuce kima sai ya zama ɓarna. Duk da haka asalin yana nan ba a taɓa ba, domin a 2008 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa The Terminator cikin jerin fina-finan da ƙasa za ta adana.

Namu Fa?

Akwatunan da suka kwafi Kwamando su ne suka kwafi fim ɗin Hausa. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, ta tarar da hanya a share: ga dillalai, ga injinan kwafi, ga gidajen kallo har ƙauye, ga jama'a sun saba. Marubuta na cikin waɗanda suka fara shiga. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim, haka aka yi da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa.

Sai dai tsarin cinikin ya zo da wata illa. Mai shirya fim kan buga kwali ya sayar wa 'yan kasuwa, ya ba su masta su kwafa a kan kaset ɗinsu. Ribarsa tana cikin kwalin, saboda haka hankalinsa na kan yawan kwalin da ya shiga, uwar kaset kuwa in kasuwar fim ta wuce ba mai waiwayarta. Zaren kaset ba ya jure zafi da laima, in ya shekara goma ko ashirin a cikin kwali a ɗakin kwano sai ya yi fumfuna ko ya manne. Shi ya sa da yawa daga fina-finan farko, in ka ci sa'a ka same su a intanet, za ka tarar jikan kwafi ne wani ya ɗora, da dishi-dishi irin na gidan kallonmu, wani lokaci ba farko ba ƙarshe, ba sunan marubuci.

Ba a ce ba mu da misalin alheri ba. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru har aka fitar da rai. A 2016 aka gano asalin zarensa cikin tarin gwangwanayen fim na hukumar fim, cibiyar Arsenal ta ƙasar Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Abin farin ciki ne, amma a duba da kyau: sa'a ce ta tsirar da shi, kuma sai da baƙi suka sa hannu.

Abin da ya sami kaset shi ke samun littafi. Magana Jari Ce yana hannun yara har yau domin akwai kamfani a Zariya da ya riƙe shi yana sake bugawa. A kamfanin nan ne Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya, shekara 15 kafin Cameron ya yi fim ɗinsa, wanda ke nuna cewa ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne a adabinmu. Amma ɗaruruwan littattafan da matasa suka buga da kuɗin aljihunsu a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, a kan takarda mai araha, da yawansu ba shekarar bugu a jiki, kuma akwai marubutan da in ka tambaye su kwafin littafinsu na farko sai su ce wani ya ara bai dawo da shi ba.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, ga abin da wannan tarihi ya koya mini. Rubutun hannunka na farko shi ne uwar kaset ɗinka, ka adana shi, har da babin da ka cire. In a waya kake rubutu, ka buga shi a takarda, ka kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, domin waya tana faɗawa rijiya. Ka sa shekara da lambar bugu a kowane littafi. In za a mayar da labarinka fim, a rubuta yarjejeniya, sunanka ya fito a jiki. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi 3, to mu riƙa kaiwa, mu kuma ajiye a ɗakin karatun Jami'ar Bayero da Gidan Ɗan Hausa da Arewa House a Kaduna. In kuma Allah Ya nufa za ka sake buga tsohon aikinka ka yi masa gyara, ka faɗa wa mai karatu cewa ka gyara, kada ka shafe na farkon.

Ina kira ga ƙungiyarmu, a kowane reshe, ta sa mambobi su bincika akwatunan iyayensu da shagunan tsofaffin masu haya. Duk kaset ko littafin da aka samu a rubuta sunansa da na mai shi, a kwafe shi zuwa kwamfuta tun akwatunan bidiyon da suka rage ba su gama mutuwa ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Shekarar 2029 da muke ji a gidan kallo kamar ba za ta zo ba, ga ta saura ƙiris. Gidan zanan nan na Gafasa ya daɗe da tashi, kaset ɗin da muka kalla ya zama ƙasa, fassarar ɗan sakandaren nan kuma ba wanda ya ɗauka. Fim ɗin Cameron kuwa yana nan garau, domin masu shi sun ajiye uwarsa. Allah Ya ba mu ikon ajiye namu, amin.